Kwana Biyar da Rimot a Hannuna

Motar maigidana ba ta da makulli irin wanda muka sani. Wani ɗan baƙin abu ne kamar akwatin ashana, rimot ake ce masa. In yana aljihunka, kana taɓa hannun ƙofa sai ta buɗe, ka zauna ka taka birki, ka danna maɓalli ta tashi. 'Yar Kwatano ce, ba sabuwa ba, amma ranar da ya kawo ta gidanmu a unguwar Mairi ta Maiduguri ya yi ta zagaya ta yana buɗewa yana rufewa har maƙwabta suka gaji da taya murna suka watse. Rimot ɗaya tak ta zo da shi. Na ce ya nemi na biyu, ya ce ni ce mai ɓatar da abu, shi ko biro bai taɓa ɓatarwa ba a shekara talatin da ya yi yana aikin akawu. Gaskiya ce kuma, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na iya tuƙi tun ina koyarwa a unguwar Ajilari, amma motar nan ba na taɓa ta sai ranar Lahadi in za mu coci. Ko a ranar ma shi zai fara shiga ya tayar, ya ce yana ɗumama ta, sannan ya zagayo ya koma ɗaya kujerar ya bar mini sitiyari. Ban taɓa ganin abin da ke bukatar ɗumi a Maiduguri ba, amma na bar shi da halinsa. Mutum ne mai kishin kayansa. Ko kujerarsa ta falo 'ya'yanmu ba sa zama a kai.

Bayan Kirsimeti da 'yan makonni ya faɗi a ƙofar banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Mutumin da yake jin Bura da Hausa da Turanci, har da Kanuri na cinikin kasuwa, kalma ɗaya aka bar masa: yauwa. In yana so, yauwa. In ba ya so, yauwa. In ciwo ya dame shi, ita ce dai. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana ganewa sarai, idanunsa suna nunawa. Na ba shi biro a hannun hagu, ya yi ƙoƙari, abin da ya fito ba rubutu ba ne. Motar kuwa na lulluɓe ta da tampol a gindin darbejiyar tsakar gida, na jefa rimot a cikin kwanon da nake ajiye allura da zare. Asibiti a keke napep muke zuwa, wata uku ban waiwaye ta ba.

Ranar wata Litinin cikin Afrilu, zafi ya kai inda ya kai, ƙanwarsa ta bugo waya daga ƙauyensu da ke bayan Biu. Ta ce Mama, mahaifiyarsu, ta daina cin abinci kwana uku, ruwa kaɗai take kurɓa, kuma ba ta da wata magana sai ta ɗanta. Tun da ya kwanta ba su ga juna ba, don ita ma ta tsufa ƙwarai, ba ta iya doguwar hanya. An sa wa Mama wayar a baki, ni kuma na riƙe masa a kunne. Ban jin Bura sosai, ni 'yar wani yanki ce, Hausa ce ta haɗa mu aure, amma na ji ta kira shi da sunan yarintarsa, na kuma ji kalmar da take nufin ka zo. Ya ce yauwa. Da na ɗauke wayar sai ya kama gefen zanina da hannun hagu ya ƙi saki. Na ce masa gobe da sassafe za mu tafi, ni zan tuƙa.

Motar haya ba ta yi mana. Tafiyar yini ce saboda zagaye ake yi, shi kuma ba ya iya zama a matse, sai an kwantar da kujera, sai an tsaya masa a hanya sau da yawa. 'Ya'yanmu biyu duk suna nesa. Saboda haka na yaye tampol, na kakkaɓe ganye, na ɗauko rimot na taɓa hannun ƙofa. Shiru. Na danna maɓallin buɗewa, shiru. Na matsa kusa, na ja baya, na ɗaga shi sama kamar mai neman sabis. Na tuna ya taɓa cewa in aka kara shi a haɓa ya fi kai wa nesa, na kara, ina tsaye a tsakar gida kamar wadda haƙori ke damu. Motar ko ƙifta fitila ba ta yi ba.

A haka maƙwabcinmu Alhaji ya same ni. Shi Shuwa ne, da shanu ya taso a daji, rikici ya koro su gari ya zama dillalin dabbobi. Shekara goma muna katanga ɗaya, shi ne ma yake ɗaga mini maigidan in za a sa shi a keke. Saniya in ya kalle ta sau ɗaya zai gaya maka abin da ke damunta, amma mota bai san komai a kanta ba, kuma wannan bai taɓa hana shi ba da shawara ba. Ya karɓi rimot ya jijjiga a kunne, ya buga shi a tafin hannu sau uku. A bugu na uku wani ɗan ƙarfe ya zamo daga gindinsa ya faɗi ƙasa. Makulli ne siriri, ashe yana ɓoye a ciki duk shekarun nan. Muka duba hannun ƙofa, ba rami. Sai da Alhaji ya sa farce ya ɓalle wata 'yar roba muka ga inda ake sa shi. Ƙofa ta buɗe, wani zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Na zauna na taka birki na danna maɓalli, ko fitilar ciki ba ta kama ba. Alhaji ya ce wannan kam ko shi ya gane, batir ne ya mutu, gobe da safe minti goma an gama.

Talata ya kawo bakanike da batir a kafaɗa. Ana haɗawa motar ta ɓarke da jiniya, awakin maƙwabta suka watse, na rasa abin da zan danna. Da ta yi shiru na gwada tayarwa, sai wani hoton makulli ya fito a gaban sitiyari yana ƙiftawa ja. Bakanike ya ce motar ba ta ganin rimot, batirinsa ma ya mutu, amma in na kara shi a jikin maɓallin na danna da shi za ta ji. Na yi haka, ta tashi. Na ce na gode Allah da ƙarfi, na fito da gudu zan je in haɗa kaya. Ban kai ƙofar ɗaki ba na ji ta yi tari ta mutu.

Muka sake tayarwa. Ta tashi lafiya lau, ba wata ƙara, sai can ta shaƙe ta mutu. Sau shida muka yi haka. Daga baya har na san tsawon lokacin, in na fara Addu'ar Ubangiji a zuciyata, ina gama ta biyu take mutuwa. Bakanike ya ce tun da batirin rimot ba shi da ƙarfi, motar tana nemansa ta rasa, shi ya sa take kashe kanta. Maganar ta shiga kunnena. Na hau keke na je wurin mai gyaran agogo a bakin kasuwa, ya ɓare rimot da tsinken wuƙa ya sa sabon batir, ɗan fai-fai kamar kwabo. Kafin in dawo an rufe hanyar fita gari, don bayan la'asar ba a barin kowa ya wuce. Na taɓa hannun ƙofa ta buɗe da kanta, hoton makullin ya ɓace, na ce shi ke nan. Na tayar, na yi addu'a biyu, ta mutu.

Duk wannan abin tagar ɗakin maigidana tana kallon tsakar gida. Duk lokacin da motar ta mutu sai in ji yana dukan katakon gado da hannun hagu, yana cewa yauwa, yauwa, yauwa. Na shiga na same shi ya jiƙe da gumi, yana nuna taga, yana nuna ƙirjinsa. Na san mijina, ko dai na ɗauka na san shi. Na ce a raina kishin motarsa ne ya motsa, yana jin baƙin hannu a jikinta. Likita kuma ya ja mini kunne kada a bar ransa ya ɓaci, jininsa zai hau. Na ce masa ya yi haƙuri, ba za su lalata masa ita ba. Ya ƙara dukan gadon. Raina ya ɓaci, na ce masa ni kaɗai nake ta fama tun jiya, ko ruwa ban sha ba, in ba zai taimaka ba ya bar ni in ji da abu ɗaya. Na rufe tagar, na ja labule, na kunna masa rediyo. Har yau in na tuna hannuna a kan labulen nan sai in ji kunyar kaina.

Laraba aka kawo mai wayarin, saurayi mai yawan magana. Ya ce mai agogo ya sa batir da bai dace ba, ya fi na asali siranta, yana motsi a ciki. Aka canza, ba ta canza zani ba. Ya ce to rimot ɗin ya manta motar saboda daɗewa, sai an sake gabatar da su. Ya zauna yana buɗe ƙofa yana rufewa, yana danna maɓalli yana ƙirga, sau biyar wannan, sau uku wancan, yana duba wayarsa. Alhaji yana tsaye da carbi yana kallo, ya ce da maraƙi ne ya ƙi uwarsa da tuni ya san abin yi. Saurayin ya ce wataƙila ƙarfen sabis da ke bayan layinmu ne yake tare saƙon. Mutum huɗu suka tura motar har bakin titi, a can ma ta mutu, suka turo ta suka dawo da ita gindin darbejiya.

Da yamma ƙanwarsa ta bugo ta ce Mama tana tambaya ko mun taso. Na ce gobe. Na nemi direbobi biyu a tasha, ɗaya ya ce shi iyakarsa Biu, ba ya sauka daga kwalta, ɗaya ya ce sai Asabar. Motar Alhaji ta ɗaukar shanu ce, kuma tana kudu. Da na nace a ranar da na sami wata hanyar, na sani. Amma kowane mai gyara in ya zo cewa yake yi yanzun nan, abu kaɗan ya rage, ni kuma in ji ƙarar injin da kunnena, lafiyayye, in ce to bari a ƙara awa ɗaya. Haka kwanakin suka zube mini, awa ɗaya bayan awa ɗaya.

Alhamis mai kwamfuta ya zo, shi ne wanda kowa ya ce in ya taɓa an gama. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallo, ya ce kwamfuta ta ce ba abin da ke damun motar. Rimot lafiya, inji lafiya. Na ce to ya gaya wa motar, don ita ba ta sani ba. Bai yi dariya ba. Ya ce mai yiwuwa ƙwaƙwalwar motar ce, sai an aiko da wata daga Kano tare da sabon rimot, kwana huɗu ko biyar. Da ya tafi na zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, rimot a cinyata. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba. Na koyar da yara lissafi shekara ashirin da bakwai, ga shi abin da bai kai tafin hannuna ba ya gagare ni. Na yi kuka, na share fuska, na shiga na ba shi kunu a cokali. Ya kau da kai ya ƙi sha.

Juma'a da hantsi ina wanke-wanke wayar ta yi ƙara. Ƙanwarsa ta ce Mama ta cika da asuba. Ta ce za su jira mu har gobe da rana kafin a binne ta, zafi ba zai bari a wuce haka ba. Na ce to. Na kashe wayar na ci gaba da wanke tukunyar da ke hannuna, na gama na ɗauraye ta. Ban shiga ɗaki ba, don ban san da wane baki zan faɗa masa ba.

Ina nan tsaye Alhaji ya yi sallama tare da wani tsoho Bakanuri, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ya ce tsohon mai wayarin ne, ya daina aiki, a masallaci suka haɗu ya roƙe shi. Na ja Alhaji gefe na gaya masa rasuwar. Ya yi salati a hankali, ya ce to yanzu ma ai dole a tafi. Tsohon bai karɓi rimot ba da na miƙa masa. Ya ce in tayar kawai. Ya tsaya a bayan motar ya sunkuya, kunnensa kusa da tankin mai, har ta mutu. Ya miƙe ya tambaye ni wa yake tayar da ita kullum. Na ce maigidana. Ya ce ko da ni zan tuƙa? Na ce ko da ni zan tuƙa, shi yake fara shiga ya ɗumama ta. Ya gyaɗa kai.

Ya ce ba abin da ya sami rimot, mai ne ake yankewa. A shekarun da ake ƙwace motoci a garin nan, in ji shi, masu mota da yawa sun sa an ɓoye musu wani ɗan maɓalli. In ka tayar ba ka taɓa shi ba, motar za ta yi tafiya kaɗan ta mutu a hannun ɓarawo. Ya ce shi kansa ya sa wa mutane ba adadi, kuma ƙa'idar aikin ita ce daga mai wayarin sai mai mota, a rufe gareji, kowa da inda ake sa masa. Ba a gaya wa aboki, ba a gaya wa matar gida, don in an tare ta a hanya ta ce ban sani ba, ya zama gaskiya ta faɗa. Zai iya bin waya ya gano, amma sai ya kwance rabin motar, ya kai gobe.

"Mai motar yana raye?" ya tambaya.

Na ce yana ciki, amma ba ya magana.

"Malama, ba magana za mu tambaye shi ba. Ku kawo shi ya zauna."

Sai a lokacin na gane dukan gadon nan na kwana huɗu. Na dafa motar. Yana kwance yana jin ta tana mutuwa, ya san dalili, yana nuna mini kansa, ni kuma na rufe masa taga.

Alhaji ya shiga ya sungumo shi kamar yadda ya saba. Rabon maigidana da kujerar direba wata uku. Muka zaunar da shi, na gyara masa ƙafar dama da hannuna, na sa rimot a aljihun rigarsa. Bai kalle ni ba. Ya taka birki da ƙafar hagu, ya miƙa hannun hagu ta saman sitiyari ya danna maɓalli, motar ta tashi. Na fara addu'ar a zuciyata ba da niyya ba. Ya kalli hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa, ya daɗe yana kallo, hannun bai motsa ba. Sai ya kama shi da na hagu, ya ɗaga shi kamar kayan wani, ya saka shi a ɗan tsakanin kujera da inda giya take. Yatsun suka tsaya a wurin, ba ƙarfin dannawa. Na zagaya da sauri ta ɗaya ƙofar, na zura hannuna ƙarƙashin nasa. A jikin kafet, daidai inda ɗan yatsansa na tsakiya ya sauka, na ji wani ɗan tudu kamar maɓallin riga. Na danna.

Addu'a ta biyu ta ƙare, na shiga ta uku. Na gama ta huɗu injin yana ta aiki. Tsohon ya cire tabaransa ya goge, ya ce wa Alhaji su je waje.

Maigidana ya yi dariya. Tun da ya faɗi ban ji dariyarsa ba, rabin bakin ne kawai ya ɗaga, amma dariya ce. Ya bubbuga sitiyari, ya nuna ƙofar gida, ya nuna rana, wato mu yi sauri kafin a rufe hanya. Ya nuna ɗaki, ya zana abu mai faɗi a iska, na gane bargon da ya saya wa Mama tun kafin Kirsimeti yake nufi, wanda bai samu ya kai mata ba. Yauwa, in ji shi, yauwa. Ya riga ya yafe mini, ina gani a fuskarsa, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan da ya ci gaba da fushi.

Na yi tunanin in bari sai mun wuce Damaturu, ko sai mun kusa, ko in bar ƙanwarsa ta faɗa masa a ƙofar gida. Amma kwana huɗu ina yanke masa abin da zai ji da abin da ba zai ji ba, na ga inda hakan ya kai mu. Hannuna yana nan ƙarƙashin nasa, ban cire ba.

"Baban yara," na ce, "za mu tafi yanzu. Amma Mama ta rasu da asuba. Gobe za a binne ta, suna jiranka."

Ya kalle ni. Bakinsa ya buɗe, na ga yana neman wata kalma, kowace iri, yana ta nema. Na roƙi Allah a raina kada wadda ta rage masa ta fito, don na san ba zai so ya faɗe ta a kan wannan ba. Ya rufe bakin da ƙarfi. Ya miƙa hannun hagu ya kashe motar da kansa.

Muka zauna a cikin zafin nan, ƙofofi a buɗe, ban san tsawon lokacin ba. Daga baya na kira Alhaji ya mayar da shi ɗaya kujerar, muka kwantar da ita. Na ɗauko jakarmu da maganinsa da ruwa. Na tayar, na zura hannu na danna, muka fita kafin azahar.